Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Wakilan Ƙasar Zazzau: In Za a Kawo Mana Misalin Biyetnam, a Kawo Shi Duka

Zuwa ga masu girma wakilanmu a Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙo.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na ajiye alli, yanzu ina lallaɓa 'yar gonar masara a hanyar Shika. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji a rediyo bayan sallar isha'i. An tambayi wani jami'i, ba sai na kama suna ba, a kan tsadar rayuwa, sai ya ce mu ƙara haƙuri, ai ko Biyetnam da take ƙasar 'yan gurguzu sai da ta cire tallafi ta saki farashi, ga shi yau wayoyin Samsung da ke hannunmu da yawansu a can ake haɗa su. Mutumin bai yi ƙarya ba. Sai dai ya gutsuro tsakiyar labari ne ya miƙo mana, ya bar kai da wutsiya. Tunda na ga misalin ya fara yawo a bakin manya, ku ba ni dama in kawo ragowar, domin ku ne za ku ɗaga hannu a kan kasafin kuɗi, ba ni ba.

Shekarar 1986 nake so mu tsaya a kai, don ita ce ta haɗa mu da su. A watan Yulin shekarar gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, a Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, naira ta kama gangara. A watan Disamba kuma jam'iyyar kwaminis ta Biyetnam ta yi babban taronta na shida, ta ɗora Nguyen Van Linh a kan shugabanci, ta amince da abin da suka kira Doi Moi, wato sabuntawa. Shekara ɗaya muka tashi. Ni a lokacin ina ɗalibi a Samaru, kuma ba zan manta da watan Mayun shekarar ba, da aka harbe ɗalibai a cikin jami'a. Zamani ne da Dakta Yusufu Bala Usman da abokan ra'ayinsa ke ta jan kunne a kan sharuɗɗan masu ba da bashi na duniya, mu kuma muna cika ɗakin lacca har a kan taga. Da yawanmu a lokacin gani muke duk ƙasar da ta ɗaga jar tuta ta gama da yunwa. Ashe ba haka abin yake ba.

Biyetnam ta fito daga yaƙi a 1975, aka haɗe kudu da arewa a 1976, aka tattara gonaki a ƙarƙashin ƙungiyoyin noma na gwamnati. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa zai gane inda matsalar take ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin mun san gandu, mun san gayauna. A gandu kowa na aiki, amma ido na kan rana, ana jiran a tashi. A gayauna kuwa mutum har bayan la'asar yana duƙe, don ya san abin da ya fito nasa ne. To su gandun nasu na hukuma ne, ba na uba ba. A buga ƙarfe a fita gona, a buga a dawo, a rubuta wa mutum maki. Ɗan filin da aka bar wa iyalai su noma wa kansu, wajen kashi 5 cikin ɗari na ƙasar noma, shi ne ke riƙe da gida. A birane kuma komai sai da takardar rabo: shinkafa, nama, yadi, kananzir. Mutane kan ajiye bulo a layi tun dare don ya riƙe musu wuri. Har karin magana suke da shi, in sun ga mutum ya yi jugum sai su ce kamar wanda ya ɓatar da littafin karɓar shinkafa. Wannan lokaci har yau suna kiransa zamanin tallafi. Wanda ya bi layin madara da sukari da omo a Sabon Gari a 1984 ya ɗan ɗanɗani irinsa, sai dai namu na ɗan lokaci ne, nasu ya kai shekara goma. A 1986 hauhawar farashi a can ta haura kashi 700 cikin ɗari. Ƙasar da ke da kwarin Mekong, ga ruwa ga ƙasa mai kyau, tana shigo da shinkafa daga waje.

Abin da jami'in rediyo ya tsallake shi ne: da me suka fara? Da manomi suka fara, kuma sai da aka ba shi kafin a karɓe masa. Tun 1966 wani sakataren jam'iyya na lardin Vinh Phuc mai suna Kim Ngoc ya gwada raba wa iyalai gona su noma bisa yarjejeniya, manya suka ce ya kauce hanya, aka tilasta masa ya soki kansa. Ƙauyuka suka ci gaba da yi a ɓoye. A 1981 gwamnati ta ɗan sassauta. A watan Afrilun 1988, ana tsakiyar yunwa a lardunan arewa, jam'iyya ta fitar da Ƙuduri na 10, wanda ya ce iyali shi ne tushen noma, a ba kowane gida gona ya riƙe har tsawon shekara 15, in ya biya abin da ke kansa, sauran nasa ne, ya kai kasuwa. Rabon kuma galibi bisa yawan bakunan gida aka yi shi, ba bisa wanda ya san wani ba, musamman a arewa.

Sai a 1989 aka yi abin da ake kawo mana misalinsa. Aka soke takardar rabo, aka saki farashi, aka daidaita canjin gwamnati da na kasuwa, aka ɗaga kuɗin ruwa a banki. Da zafi aka yi, ban musa ba. Amma ku duba a kan wa ya sauka. Mafi yawan mutanen ƙasar manoma ne, kuma kowa na da gonarsa a hannu tun 1988. Da farashin shinkafa ya tashi, aljihun manomi ya faɗa. A wannan shekara ta 1989 ƙasar da ke shigo da shinkafa ta fitar da kusan tan miliyan 1.4 zuwa waje. Hauhawar farashi ta sauko zuwa wajen kashi 35, ta sake ɗagawa a 1990 da 1991, sannan ta kwanta. A 1993 aka yi dokar ƙasa wadda ta ba manomi damar ya sayar da haƙƙin gonarsa, ya yi musaya, ya ba da haya, ya bar wa 'ya'yansa gado, ko ya jinginar a banki, aka kuma ba shi takarda mai jan bango shaida. A 1993 kashi 58 cikin ɗari na mutanensu na cikin talauci, a 1998 ya koma 37. Duk wannan kuma sun soma shi ne Amurka na ƙaƙaba musu takunkumi, ba ta ɗage ba sai 1994, ga Tarayyar Sobiyet da suke jingina da ita ta rushe.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Ni ba na cikin masu cewa tallafin mai abin kirki ne. Mun san tankokin da ke tsallaka iyaka, mun san masu karɓar kuɗin man da ba a sauke ba. Tambayata ɗaya ce: ribar gyaran nan, aljihun wa ta fara faɗawa? Amsar kuna da ita a gabanku duk wata, domin kason da ake raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai. A Biyetnam manomi ne ya fara gani a rumbunsa, gwamnati ta samu daga baya. A nan asusun gwamnati ne ya fara cika, aka ce talaka ya jira. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Bari in gaya muku abin da na gani a ƙasan. Da kaka ta yi na kai masara kasuwar Giwa. Farashi ya karye, wanda ga mai awo a gari alheri ne, kuma na yi masa murna, don ni ma ina da 'ya'ya a gari. Amma da na zagaya wurin masu taki sai na tarar buhun masara ɗaya ba ya sayen buhun taki ɗaya, sai na haɗa biyu. Kusa da ni wani dattijo daga wajen Yakawada yana zaune a kan buhunansa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana lissafi da yatsu: kuɗin taki, kuɗin feshi, kuɗin 'yan ƙodago, kuɗin mota. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Da dillali ya sake taya masa, bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Ɗauka kawai, ɗana. Baɗi dai ba ni ba masara, waken suya zan zuba.” A watan Yulin 2024 an dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 don a sauƙaƙa wa masu saye. Niyya ce mai kyau. Amma taki da man tarakta da maganin feshi an bar su a farashin sabuwar dala. Wato manomin Zazzau yana saye a kasuwar da aka saki, yana sayarwa a kasuwar da aka danne. Wannan kishiyar abin da aka yi a 1988 da 1989 ne a can. Kuma ban ma taɓo waɗanda gonakinsu ke cikin daji ba, a yammacin Giwa da Birnin Gwari, da suka yi shekaru noma sai da izinin ɗan bindiga.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi mana haka ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne. Na tashi ina bin jakuna zuwa fuloti, a duba auduga, a auna, a biya. Hukumar sayen amfanin gona tana danne farashi, kowa ya sani, kuma yana ƙorafi a kai. Amma iri na zuwa a kan lokaci, kuma ya san inda zai kai. A 1986 aka rushe hukumomin nan a dare ɗaya, ba a kafa komai a gurbinsu ba. Iri ya gauraye, masu saye suka zama na yau ban da gobe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ga cibiyar binciken noma a Samaru, a bakin ƙofarmu, tana fitar da irin auduga da masara da wake, amma malamin gona da zai kai wa manomi ya zama sai labari. Su kuwa mutanen Biyetnam yau sun fi kowa fitar da ƙwallon kashu da aka ɓare, kuma wani ɓangare na ɗanyen kashun daga Najeriya suke sayensa. A 1994 suka gama layin wutar lantarki mai tsawon kusan kilomita 1,500 daga arewa zuwa kudu, cikin shekara biyu. Masana'antun waya da ake mana kwatance da su sun zo ne bayan an samu wuta da hanya da yara masu karatu, ba kafin nan ba.

To, kada ku ɗauka tallar gurguzu nake yi, ko kuma ina cewa can aljanna ce. Ɓangaren da ya fi damuna a labarinsu shi ne inda suka yi tuntuɓe, domin nan ne muke tsaye yanzu.

Ƙungiyoyin noman da aka rushe su ne ke biyan ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye, su ne ke riƙe da gidajen renon yara. Da suka faɗi, ma'aikatan suka zauna ba albashi, da yawa suka watse. A 1989 aka sa kuɗin asibiti da na makaranta, aka halatta sayar da magani a kasuwa. Nan da nan mafi yawan kuɗin jinya ya koma fitowa daga aljihun mara lafiya. Ciwo ɗaya kan sa gida ya sayar da baunar da yake huɗa da ita. Ɗaliban sakandare suka ragu a shekarun farko, domin iyaye sun ga yaro ya fi amfani a gonar da ta zama tasu. Aka sallami ɗaruruwan dubban ma'aikatan kamfanonin gwamnati, mata da yawa a cikinsu, suka koma talla a bakin titi. Al'adar cusa wa likita ambulan ta samu gindin zama. Abin da ya bambanta su da mu shi ne da suka ga ɗaki na yoyo sun hau sun toshe. A 1991 suka yi dokar karatun firamare ga kowa, a 1992 suka soma inshorar lafiya, a 1994 gwamnati ta ɗauki albashin ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, a 1998 suka buɗe shiri na musamman don ƙauyukan kan duwatsu, a 2002 asusun jinyar matalauta, daga baya aka ce yaro ƙasa da shekara shida kyauta za a duba shi. Yau sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanensu na da inshorar lafiya. Sun ɗauki shekaru kafin su gyara, kuma kafin nan mutane sun mutu a gida.

Akwai kuma wanda har yanzu bai gyaru ba. Ƙananan ƙabilunsu, waɗanda ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na jama'a ba, su ne mafi yawan matalautan da suka rage. Gahawar da ta sa suka zama na biyu a duniya bayan Barazil ta ci dazuzzuka da gonakin waɗannan ƙabilu. Ƙasa a dokarsu ta al'umma ce, gwamnati ke riƙe da ita, don haka hukuma kan karɓe gona da diyya kaɗan ta ba mai gina masana'anta ko rukunin gidaje, kuma rikicin fili ne ya fi yawa a ƙorafe-ƙorafen da ake kai wa hukuma. A 2016 dagwalon wata masana'antar ƙarfe ya kashe kifi a gaɓar teku ta larduna huɗu. A 2024 kotu ta yanke wa wata attajira hukuncin kisa a kan wawure kuɗin banki. Jam'iyya ɗaya ce, jarida ba ta da baki, kuma wasiƙa irin wannan da nake rubuta muku, a can tana iya kai mutum kurkuku. Wannan ba na yi mana fatansa. Na gwammace in faɗi tawa in kwana a gidana.

Na ce nan muke tsaye, ga dalili. Kwanan baya na je wani kemis a Tudun Wada sayen maganin hawan jini. A gabana wata mata, da goyo, ta miƙa takardar likita. Yaron shagon ya faɗi kuɗi. Ta kwance bakin zani ta ƙirga, ta ce, “Don Allah ba ni na kwana biyu, in Allah ya hore zan dawo.” Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na kwana bakwai. Ya ɗauki almakashi ya yanka mata ƙwaya huɗu daga jikin katin. Ba wanda ya yi mamaki a shagon, don abin ya zama ruwan dare. Tiya ta koma gwangwani, gwangwani ya koma ƙulli. Ɗaliban da ke hawa mota daga Kwangila zuwa Samaru yanzu da yawa a ƙafa suke takawa. A watan Agustan 2024 sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, kuma yaran da suka fito zanga-zanga ba littafin Markisanci suka karanta ba, ciki ne ya fito da su.

Na san an yi wasu abubuwa, ba zan rufe ido ba. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, an buɗe bashin karatu ga ɗalibai, an raba kuɗi da shinkafa. Amma albashi na mai albashi ne, kuma mutum nawa ne ke karɓarsa a Soba ko Kubau ko Kudan? Rabon shinkafa kuwa, kun fi ni sanin yadda yake ƙarewa. Buhu ɗaya ga unguwa guda, a ɗauki hoto, a watse.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kusan kamar yadda take a Biyetnam. Bambancin shi ne manominsu na da takarda, namu shaidarsa ita ce dagaci da maƙwabta da kukar da ke kan iyaka. Ku 'yan majalisar jiha, me zai hana a yi wa gonakin ƙauye rajista mai araha, a matakin gunduma, wadda banki zai karɓa, wadda kuma za ta tsaya wa mutum ranar da gari ya iso gonarsa? Ku dubi yadda gine-gine ke cin gonaki ta Basawa da Ɗan Magaji, ku tambayi masu gonakin nawa aka ba su. In kuma za a sake buɗe ƙofa ga hatsin waje, to kada a yi shi ana gab da girbi, kuma a haɗa da sauƙin taki, tunda ana yin takin yuriya a ƙasar nan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa ƙarfi. Ku tambaya a zauren majalisa, da sunan kowace ƙaramar hukuma, mutum nawa ke riƙe da katin, kuma wane ɗakin shan magani ne ke karɓarsa. Sannan ƙarin kuɗin da ke shigowa jiha da ƙananan hukumomi tun 2023, a liƙa mana lissafinsa a bangon sakatariya da Hausa, boko da ajami, yadda mai sayar da rake na Makarfi zai karanta. Gada da kwalta suna da kyau, ina hawa. Amma ita matar kemis ba ta tambayi gada ba.

Ranku ya daɗe, damina na tafe, kuma yanzu ne manomi ke yanke shawarar abin da zai shuka da abin da zai bari. In kun shigo gida hutun majalisa, ku zo kasuwar Giwa ranar da take ci, ba jiniya, ba 'yan rakiya. Ku fara ta layin masu hatsi, ku ɓulle ta layin masu taki, ku tambayi farashi da bakinku. In kuna son ɗan jagora, ina nan, babur ɗina na tashi in an tura.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta kuma manomi,
Samaru, Zariya.